Binciken Wallace Lambert da Makarantun Harshe Biyu a Damagaram

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, masana halayyar ɗan Adam da yawa a Turai da Amurka sun ɗauka cewa harshe biyu nauyi ne a kan yaro, yana dakushe masa basira. Gwaje-gwajen da suka dogara da su suna da babban aibi: ana auna ƴaƴan talakawa da na baƙin haure da harshen da ba su gama iyawa ba, sannan a ɗora wa harshen gida laifin faɗuwarsu.

A 1962 Wallace Lambert na Jami'ar McGill da ke Montreal a ƙasar Kanada, tare da Elizabeth Peal, suka fitar da binciken da ya sauya wannan fahimta. Sun gwada yara masu shekara 10 a makarantun Faransanci, suka kula da matsayin iyayensu don kada a haɗa ɗan mai hali da ɗan marar hali. Sai ga shi masu Faransanci da Ingilishi sun fi masu harshe ɗaya, har a gwajin da ba ya buƙatar magana. An soki yadda aka zaɓi yaran, kuma sukar tana da tushe, amma daga nan kallon mai harshe biyu a matsayin mai naƙasu ya fara gushewa.

Abin da ya fi amfani ga ƙasar Hausa shi ne bambancin da Lambert ya fitar daga baya. Akwai koyon da ke ƙara wa yaro harshe a kan nasa, akwai kuma wanda ke ƙwace na gida ya maye gurbinsa. A Saint-Lambert, kusa da Montreal, an fara koyar da ƴaƴan masu Ingilishi da Faransanci zalla a 1965, kuma suka yi nasara, domin harshensu yana da daraja a gida da kasuwa da littafi. Yaron Zermu ko na unguwar Birni a Zinder, wato Damagaram, ba haka lamarinsa yake ba. Yana shiga lakwal da Hausa ko Barebarci a bakinsa, mushe, wato malami, ya rubuta a allo da harshen da ko iyayensa ba sa ji, shi kuwa ya haddace yana maimaitawa. A zamanin mulkin mallaka har wata alama ake rataya wa wanda ya kuskura ya yi harshen gida a makaranta. Wanda ya kafa hujja da Kanada don a fara wa irin wannan yaro da Faransanci bai fahimci Lambert ba.

A Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai harshe biyu a Nijar, a 1973. Yara suna fara karatu da lissafi da Hausa, Faransanci ya shigo a matsayin darasi, sai a manyan azuzuwa ya zama harshen koyarwa. Daga baya tsarin ya haɗa da Zabarmanci, Fulatanci, Barebarci da Buzanci. Bayanin abin da ke faruwa a irin wannan aji ya zo a 1979 daga Jim Cummins, wanda ya ɗora a kan aikin Lambert: yaron da ya gane cewa harafi yana wakiltar sauti ba ya sake koyon wannan daga farko in ya shiga harshe na biyu. Nazarin Mart Hovens na 2002 ya nuna ɗaliban makarantun gwaji na Nijar sun fi takwarorinsu iya karatu, kuma Faransancinsu bai ja baya ba.

Dokar ilimi ta Nijar ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a koyarwa, a 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Abin da ya daɗe yana jan tsarin baya shi ne ƙarancin littattafai da malaman da aka horar su koyar da Hausa a rubuce, da kuma fargabar iyaye, waɗanda suka ga jarrabawa da aikin gwamnati sun daɗe suna tafiya da Faransanci.