Sana'ar Ƙera Fuskokin Wasan Kwaikwayo a Italiya: Jari Kaɗan, Koyo Mai Tsawo

A birnin Benis na ƙasar Italiya akwai wata tsohuwar sana'ar hannu da ta mutu, sa'an nan ta farfaɗo, kuma har yanzu tana ciyar da iyalai. Ita ce ƙera fuskar wasa, watau abin rufe fuska da 'yan wasan kwaikwayo da masu bukukuwa ke sawa. Tun a shekarar 1436 masu wannan sana'a suka sami tsarin dokokinsu a birnin, a ƙarƙashin ƙungiyar masu zane. Amma bayan da Napoleon ya rushe jamhuriyar Benis a 1797, babban bukin shekara-shekara na birnin ya dusashe, kasuwar fuskokin ta bi shi. Sai a 1979 aka maido da bukin, masu sana'ar suka sake buɗe shaguna.

Cinikin yana kuma haɗe da wasan kwaikwayon da ake kira commedia dell'arte, wanda ya bunƙasa a ƙarni na 16. A 1545, a garin Padova, wasu 'yan wasa suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar kafa ƙungiya da raba riba a tsakaninsu, wadda ita ce irinta mafi daɗewa da aka sani. Da yawa daga cikin 'yan wasan suna da fuskar da 'yan kallo suka san su da ita. Akwai Arlecchino, bara mai yunwa da wayo, akwai kuma Pantalone, tsohon attajirin Benis marowaci, mai dogon hanci.

Da wannan wasa ya ja baya, fasahar yin fuskar fata ta ɓace kusan gaba ɗaya. Wanda ya tono ta shi ne Amleto Sartori, wani masassaƙi ɗan Padova da aka haifa a 1915. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aiki da Jacques Lecoq, malamin wasan kwaikwayo Bafaranshe, da kuma Giorgio Strehler na gidan wasan Piccolo Teatro a Milan. Da yake babu sauran malamin da zai koya masa, sai ya dinga nazarin tsofaffin fuskokin da aka adana, yana gwadawa yana sakewa, har ya gano hanyar. Bayan rasuwarsa a 1962 ɗansa Donato ya ci gaba, kuma a 1979 ya kafa cibiyar koyar da sana'ar a garin Abano Terme, inda ɗalibai ke zuwa daga ƙasashe dabam-dabam.

Hanyoyin aikin iri biyu ne. Ta farko, wadda ta fi yawa a Benis, ita ce ta takarda. Mai koyo zai fara da gina siffar fuska da yumɓu, ya zuba mata filasta ya bari ta daskare, ya sami mazubi. Daga nan sai ya shafa wa mazubin mai, ya riƙa jera guntayen jiƙaƙƙiyar takarda da gam a ciki, shimfiɗa bisa shimfiɗa. In ta bushe a ciro ta, a yanke gurbin idanu, a goge, a shafa farin fenti, kana a yi ado. Mazubi guda yana fitar da fuskoki masu yawa, saboda haka kuɗin da aka kashe a kansa yana raguwa a kan kowace fuska gwargwadon yawan abin da aka sayar.

Hanya ta biyu ita ce ta fata, kuma ita ce 'yan wasa na gaske suka fi so, domin fata tana shan gumi, tana kuma bin siffar fuskar mai ita a kwana a tashi. A nan sai an sassaƙa fuskar a jikin itace tukuna. A jiƙa fatar saniya mai kauri wadda aka jeme da sassaƙen itatuwa, a ja ta a kan sassaƙar, a kafe gefenta da ƙananan ƙusoshi. Sa'an nan a bi ta da 'yar gudumar ƙaho, bugu bayan bugu, har ta shiga kowane lungu na goshi da kumatu, a kuma murje ta da sandar itace mai santsi. Kuskure kaɗan wajen faɗin ido ko tsawon hanci yana iya hana ɗan wasa gani ko numfashi a dandali, shi ya sa koyon ke ɗaukar shekaru.

Ta fuskar tattalin arziki, jarin shiga sana'ar ba shi da yawa: yumɓu, filasta, takarda, fata da 'yan kayan aiki. Abin da ke da tsada shi ne lokaci da ƙwarewa. A nan ne matsalar take, domin tun da masu yawon buɗe ido suka yawaita, aka cika rumfunan birnin da fuskokin roba na masana'anta, galibi daga waje, waɗanda ake sayarwa da araha ƙwarai. Baƙon da ya zo na yini guda ba lallai ne ya bambanta aikin hannu da na inji ba. Bugu da ƙari, mazauna tsakiyar birnin sun ragu zuwa ƙasa da 50,000 a 2022, lamarin da ke rage matasan da za su zauna su koya. Annobar korona kuma ta sa aka katse bukin 2020 kafin ƙarshensa, na 2021 aka yi shi ta intanet, ciniki ya tsaya cik.

Masu sana'ar sun nemi mafita ta hanyoyi biyu. Ta ɗaya ita ce kama manyan abokan ciniki, watau gidajen wasa, makarantun koyon wasan kwaikwayo da kamfanonin fim. Fuskokin da aka gani a fim ɗin Eyes Wide Shut na 1999, alal misali, daga shagunan Benis aka samo su. Ta biyu ita ce mayar da koyarwar kanta haja. Shaguna da dama suna karɓar kuɗi daga baƙi domin darasin awa ɗaya ko biyu na yi wa fuska ado, ko kuma dogon kwas ga mai son sanin aikin tun daga yumɓu. Wannan ciniki ne da masana'antar roba ba ta da hanyar kwaikwaya.

Akwai abin lura a nan ga 'yan kasuwar fata na Nijeriya. Italiya tana cikin manyan masu sayen fatun da ake jemewa a Kano, kuma jima da bagaruwa da majema suka gada dangin jimar da masu fuskar fata ke buƙata ce. Sai dai akasarin fatun suna fita ne kafin a mai da su kayan amfani, alhali kuwa riba mafi tsoka tana hannun wanda ya sarrafa. Dukawan da ke fama da takalman roba da jakunkunan waje za su iya duba yadda takwarorinsu na Benis suka raba kasuwarsu, suka kuma sa wa koyarwa farashi.