Karo-Karo Don Taskar Zane-Zane

Ina so in yi wa 'yan'uwana malamai da ɗalibai bayani a kan yadda jama'a kan haɗa kuɗi su riƙe taskar zane-zane irin ta zamani, watau wadda a ke ajiyewa cikin kwamfuta, kowa ya duba ta intanet daga inda ya ke. Mu da za mu fita koyarwa a Jajimaji da ƙauyukan da ke tsakanin Nguru da Gashuwa, mu za a tambaya in irin wannan magana ta taso. Saboda haka ya kamata mu san kanta tun da wuri, gama ba a fafe gora ran tafiya.

Da farko, me za a zuba cikin taskar? Kada wani ya ce ƙasarmu ba ta da zane. Ga zanen ƙwarya, ga faifai da tabarmin kaba masu rini, ga aikin hula, ga zayyanar allo ta ranar saukar karatu, ga ƙunshin mata, ga zanen da a ke yi wa manyan motoci. Har wa yau ga samarinmu da ke zana hotuna da waya ko kwamfuta, ba alli ba tawada. Amma roba da kwanon ƙarfe sun kusa korar ƙwarya, siminti yana cinye ginin ƙasa, tsofaffin masu sana'a kuwa kullum raguwa su ke yi. Abin da ba a ɗauka aka adana ba, jikokinmu sai dai su ji labarinsa.

Hoton kwamfuta ba kome ba ne illa ɗigo-ɗigo masu launi da aka jera layi-layi, kowane ɗigo da lambarsa. Waya mai kyau takan ɗauki hoto mai ɗigo miliyan 12 ko fiye. Da ya ke lambobi ne, ana iya kwafe shi sau dubu bai canza ba, gara ba ta cinsa, ruwa ba ya wanke shi. Wannan ne ya sa waɗansu ke zaton abin da ya shiga intanet ya zauna ke nan har abada. To, ba haka ba ne.

Ku dubi jirgin ruwan Dufuna, a ƙaramar hukumar Fune, nan cikin Jiharmu ta Yobe. Wani makiyayi ne ya ci karo da shi yana haƙa rijiya cikin 1987, aka tono shi cikin 1994. Tsawonsa ya ɗara mita 8, masana kuwa suka ce ya yi wajen shekara 8,000. Ƙasa ta riƙe shi duk wannan zamani, ba ta nemi ko kwabo ba. Amma a Amurka, cikin 2019, kamfanin MySpace ya faɗa da bakinsa cewa waƙoƙi da hotunan da mutane suka ba shi ajiya tun daga 2003 har 2015 sun salwanta wajen ƙaura daga waɗansu na'urori zuwa waɗansu. Kafin wannan, cikin 2009, an rufe GeoCities, inda mutane da dama suka tara ayyukansu. Kun ga ashe taskar zamani ba rijiya ba ce da za a haƙa sau ɗaya a huta. Rumbu ce, kowace shekara sai an sake mata baibaya.

Kuɗin da ta ke ci iri uku ne. Na ɗaya, kuɗin kayan aiki, kamar kyamara da kwamfuta da farantin hasken rana don caji. Wannan sau ɗaya a kan saya, a daɗe ana mora. Na biyu, kuɗin haya, domin hotunan suna zaune ne cikin manyan kwamfutoci na wani kamfani, masu cin lantarki dare da rana, har sunan da a ke neman taskar da shi ma hayarsa a ke biya shekara-shekara. Na uku, ladan wahala, watau kuɗin mota da na data na mai yawo ƙauyuka yana ɗaukar hoto, da ɗan alherin da za a yi wa mai sana'a. Na biyu da na uku ba su da ranar ƙarewa, nan ne kuwa yawancin aikin ke karyewa.

Hanyoyin tara kuɗi biyu ne, dukansu mun gaje su. Akwai gidauniya, a sa rana, a gayyaci manya, a karanta sunan kowa da abin da ya bayar. Akwai kuma zubi irin na adashi, kowa ya kawo ɗan abin da ya sawwaƙa duk wata, ba ganga ba maroƙi. Turawa ma waɗannan biyun suka mayar na zamani. Kickstarter, wanda aka fara cikin 2009, gidauniya ce: mai zane ya faɗi abin da ya ke nema da ranar rufewa, in kuɗin bai cika ba, ba a karɓi na kowa ba. Patreon kuwa, na 2013, zubi ne: masu son aikin mutum su riƙa ba shi kaɗan-kaɗan kowane wata.

Ni a ganina gidauniya ta kayan aiki ce, zubi kuwa shi ne abincin taska. Mai kuɗin da ya ba da da yawa bana, baɗi yana iya juya baya, ko ya ce sai an yi yadda ya ke so. Amma bari mu yi lissafi irin na aji. In mutum 200 suka yarda da naira 100 a wata, an sami naira 20,000 ke nan, a shekara naira 240,000. Ko da 10 sun janye, saura 190 na nan. Da yayyafi kogi kan cika.

Wanda ke shakka ya dubi Wikimedia Commons, 'yar'uwar Wikipedia. An kafa ta cikin 2004, yanzu tana riƙe da hotuna da muryoyi da bidiyo fiye da miliyan 100. Ba ta sa talla, ba ta karɓar kuɗin kallo, yawancin abin da ke ciyar da ita kyautar mutane ce ƙanana-ƙanana daga ƙasashe dabam-dabam. Tun 2014 kuma a kan yi gasar Wiki Loves Africa, inda kowa ke iya sa hotunan al'adun garinsu. Duk taskar da za mu kafa, yana da kyau mu kai kwafin waɗansu hotunan can, in masu su sun yarda a yi amfani da su kyauta.

Sai dai kuɗin jama'a ba ya zama inda ba amana. Ga sharuɗɗa huɗu da na ke ba da shawara:

1. A buɗe asusu a banki da sunan ƙungiya, ba da sunan mutum ba, kada a fid da kuɗi sai da sa hannun mutum biyu, ma'aji da magatakarda.

2. Kowane ƙarshen zango a manna lissafin shiga da fita a allon sanarwa, a kuma karanta shi a bainar jama'a saboda waɗanda ba su yi karatu ba.

3. Kada a ɗauki aikin kowa sai da izninsa. A rubuta sunansa da garinsu da shekara, in an sayar da hoton a ba shi rabonsa.

4. Kowane hoto a yi masa kwafi uku, ɗaya a intanet, ɗaya a laburaren kwaleji, ɗaya a wani gari dabam. Kalmar sirri ta buɗe taskar kuwa kada ta zauna a kan mutum guda, domin ɗalibi yakan gama ya tafi, malami a kan yi masa canji.

To, jama'a, wannan aiki bai fi ƙarfinmu ba. Wanda ba shi da kuɗi yana da ƙafa, ya je ya nemo tsohuwar da ta iya zanen ƙwarya a ƙauyensu. Wanda ya iya rubutu ya rubuta bayanin hoton da Hausa ko Barbarci ko Badanci, don yaran da za mu koyar su ga aikin iyayensu cikin harshensu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.