Sake Tsarin Farfajiyar Gaban Gida a Yammacin Amurka

Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana yadda ake sake tsarin farfajiyar gaban gida a yammacin ƙasar Amurka, da kuma dalilan da suka jawo haka. Abin da ake nufi da farfajiya a nan shi ne filin nan da ke tsakanin titi da ƙofar shiga gida, wanda a al'adar mutanen can galibi ba a kewaye shi da katanga. Za a fara da asalin tsohon tsari, sa'an nan a duba sabon da ke maye gurbinsa, domin a nuna cewa ƙarancin ruwa shi ne babban abin da ya tilasta wannan canji.

Asalin Shimfiɗar Ciyawa

Tsohon tsari dai shi ne a shimfiɗe farfajiya da koriyar ciyawa, a riƙa aske ta kamar sumar kai. Wannan al'ada daga Ingila ta fito. A ƙarni na 18 masu sarauta da attajiran ƙasar sun kewaye gidajensu da faffaɗan filin ciyawa, kuma wanda ya fi shahara wajen tsara irin waɗannan filaye shi ne Lancelot Brown, wanda ya rasu a 1783. A zamanin nan tumaki da barori masu lauje su ke rage tsawon ciyawar, saboda haka sai mai hali yake iya riƙe ta. Da Edwin Budding ya ƙago injin yankan ciyawa a 1830, sai abin ya fara sauka zuwa ga masu matsakaicin ƙarfi.

Daga nan al'adar ta ƙetare teku. A wajejen 1869 Frederick Law Olmsted da Calvert Vaux sun tsara unguwar Riverside kusa da Shikago, inda aka ƙa'ide cewa kowane gida ya ja da baya ƙafa 30 daga titi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1947, aka gina unguwar Levittown a jihar New York mai gidaje fiye da 17,000, aka kuma wajabta wa mazaunanta yanke ciyawarsu sau ɗaya a mako a lokacin da take tofo. Ta haka ciyawar ƙofar gida ta zama ma'aunin kirkin mai gida a idon maƙwabtansa.

Inda Gizo Ke Saƙa

A Ingila ruwan sama yana sauka a kowane wata na shekara, rana kuma ba ta da zafi ainun, don haka ciyawa tana rayuwa ba da wata wahala ba. Yammacin Amurka kuwa wani babban yanki nasa hamada ne. Birnin Las Vegas na jihar Nevada, alal misali, ruwan da yake samu a shekara bai wuce kimanin inci 4 ba, kuma wajen kashi 90 cikin ɗari na ruwan shansa daga Kogin Kolorado ake jawo shi ta Tafkin Mead. Duk da haka aka kwashi al'adar ciyawa aka kai can, ana shayar da ita da ruwan famfo. Hausawa na cewa zanen aro ba ya rufe katara. Da fari ya tsananta tun daga shekarar 2000, tafkin ya yi ta ja da baya, sai hukumomi suka juyo kan ciyawar nan da ba a ci, ba a kiwo a kanta, ba a ma taka ta sai ranar yanka.

Tun a 1999 hukumar ruwa ta kudancin Nevada ta fara biyan masu gidaje kuɗi bisa kowace murabba'in ƙafa ta ciyawa da suka cire. A lissafin hukumar, cire murabba'in ƙafa ɗaya yana tsimin galan 55 na ruwa a shekara. A 2003 aka hana dasa ciyawa a gaban sababbin gidaje a yankin Las Vegas. Haka kuma a watan Afrilu na 2015 gwamnan Kalifoniya, Jerry Brown, ya ba da umurnin rage ruwan da birane ke sha da kashi 25 cikin ɗari, tare da cire ciyawa mai faɗin murabba'in ƙafa miliyan 50.

Sabon Tsari

Sabon tsarin yana da tushe biyu. Na farko shi ne tunanin masu tsara lambu na Kalifoniya irin su Thomas Church da Garrett Eckbo, waɗanda a shekarun 1940 da 1950 suka koyar da cewa lambu wani ɗaki ne na gida wanda ba shi da rufi, watau a fara tambayar me za a yi a wurin kafin a tambayi me za a shuka. Daga gare su aka gaji miƙaƙƙun layuka, da faffaɗan daɓe, da ƙin tarkacen ado. Na biyu shi ne tsarin tsimin ruwa da hukumar ruwa ta birnin Denver ta raɗa wa suna Xeriscape a 1981, daga kalmar Girkanci mai ma'anar busasshe.

Mai son sake farfajiyarsa yakan fara da zanen wurin a takarda: inda rana ke bugawa, inda inuwa ke faɗawa, da inda ruwan indararo ke bi. Bayan an cire ciyawa, sai a fitar da hanyar shiga gida da falalen dutse ko na kankare, a bar rata a tsakaninsu domin ruwan sama ya nutse cikin ƙasa maimakon ya malale titi. Wasu har sukan haƙa ɗan kwari marar zurfi, su jera masa duwatsu, su karkatar da ruwan rufi zuwa cikinsa.

Game da shuka kuwa, ana zaɓen tsire-tsiren da asalinsu na yankin ne, ko masu jure ƙishi, irin masu ajiye ruwa a jikinsu kamar yadda ƙyarana ke yi. Ba a tara iri barkatai. Akan ɗauki iri uku ko huɗu a maimaita su rukuni rukuni. Daɗin daɗawa, ana haɗa masu buƙatar ruwa iri ɗaya a wuri guda, don kada a shayar da mai jure ƙishi da ma'aunin mai yawan sha. Maimakon na'urar feshi, wadda iska da rana ke kwashe rabonta, sai a shimfiɗa siririn tiyo mai ɗiga ruwa a gindin kowace shuka. A ƙarshe a lulluɓe ƙasa da ɓawon itace ko tsakuwa kaurin inci 2 zuwa 3, domin danshi ya daɗe, haki kuma ya kasa fitowa.

Akwai kuskure guda da ya kamata a yi hattara da shi. Wasu masu gidaje sun cire ciyawa suka zuba tsakuwa zalla ko ciyawar roba, sai farfajiyar ta koma kamar tanda, domin dutse da roba suna riƙe zafin rana. Har ila yau, itatuwan da a da suke shan ruwan ciyawa sukan bushe idan aka yanke ruwan ba a yi musu tanadi ba. Saboda haka masana ke cewa itacen inuwa shi ne ginshiƙin tsarin, shi ake fara ware wa ruwa.

Kammalawa

Gidan Bahaushe na gargajiya bai san irin wannan farfajiya ba. Filinsa a ciki yake, watau tsakar gida. A waje kuwa zaure ne da dakali, da inuwar durumi ko ceɗiya inda ake hira. Farfajiyar ciyawa ta shigo ne ta unguwannin Turawan mulki, irin su Nasarawa a Kano, kuma daga can masu gina gidajen zamani suka kwaikwaya. To, ƙasar da take yin wata bakwai ba ruwan sama, wadda mai ciyawa a cikinta ya dogara ga rijiyar burtsatse, ta fi kusa da Nevada bisa ga Ingila. Ke nan wanda zai tsara ƙofar gidansa a Kano ko Damagaram, ya fara da auna ruwan da yake da shi a watan Afrilu, ya zaɓi wurin itacen inuwa da wurin zama, sa'an nan ya waiwayi fure.