Tirela mai gatari biyu: kirik na ɗagawa, amma ba ya riƙewa

Da zarar kaka ta yi, motocin kaya kan yawaita bisa hanyar da ta ratse daga babbar kwalta a Kore Mairuwa ta nufi Tibiri, garin Samna, da sauran kasuwannin Dallol Mawri. Gero da wake da gyaɗa da rake duk ta nan suke fita zuwa Dogon Dutsi, Doso, Ƙonni da Yamai. Inda kaya suka yi nauyi kuma hanya ta yi ƙarƙara, faci ba ya zama labari. Abin da ke zama labari shi ne abin da kan biyo bayansa, sa'ad da yaron mota ya tura kirik, wato abin da maƙwabtanmu na Nijeriya ke kira jak, ƙarƙashin nauyin da ya ninka nasa sau ɗari.

A Faransa da Ingila wannan matsala ta fi shafar masu karaban, wato ɗakin kwana mai ƙafafu da ake ja da mota zuwa hutu, wanda manyansa ke da gatari biyu. A nan Arewa ba mu da irin waɗannan ɗakuna, amma muna da danginsu: tirelar tarakta, tankin ruwa da ake ja, tirelar injin wuta ta ma'aikatu, da manyan motoci masu ƙafa goma. Duk ƙa'ida guda ke riƙe da su.

Yaudarar ƙafa ta biyu

Gatari shi ne ƙarfen da ya ratsa ƙarƙashin mota yana ɗauke da ƙafa a kowane gefe. In biyu ne, ɗaya bayan ɗaya, ko taya guda ta sace tirela ba ta durƙusawa. Wannan tsayuwa tata ce ke sa mutane sakin jiki, su ɗauka ƙafar da ta rage za ta tare nauyi ko da kirik ya zame.

Lissafi bai goyi bayan wannan zato ba. A ɗauki tirela mai nauyin tan 4 har da kayanta. Kowane gefe na ɗauke da kusan tan 2, kowace ƙafa kuwa tan 1. Wanda ya kafa kirik ƙarƙashin shasi don ya ɗaga ƙafa guda, gefen duka yake ɗagawa, wato tan 2, alhali kirik na ƙaramar mota ba kasafai ƙarfinsa ke wuce tan 1 da rabi ba. Ga manyan motoci abin ya fi haka nisa. Dokar ƙasashen UEMOA mai lamba 14 ta shekarar 2005 ta ƙayyade wa gatari biyu nauyin tan 11,5 zuwa tan 20, gwargwadon ratar da ke tsakaninsu. Ɗan kasuwar da ya sa aka ƙara buhuna bisa ƙa'ida, ya ƙara su ne bisa kan kirik.

Akwai kuma abu na biyu. A yawancin tireloli, sifirin gatarin gaba da na baya haɗe suke da wani ƙarfe mai rinjaya kamar sikelin mai awo, domin nauyi ya rabu daidai cikin ramuka. Saboda haka in an taɓa gatari guda, ɗayan ma yana motsi. Ana zare taya ba tare da an tokare gatarinta ba, sai ya sauko, nauyi ya koma kan maƙwabciyarta, tirela ta karkata, kirik ya gauce.

Rairayin dallol

Dallol Mawri tsohon kwarin kogi ne, ƙasarsa rairayi, a wurare da dama kuma ruwa na kusa da sama. Alheri ne ga mai lambu, tarko ne ga mai kirik. Gindin kirik mai faɗin santimita 15 kowane gefe, in ya ɗauki tan 3, yana danna ƙasa da kilo 13 a kowace santimita murabba'i. In aka shimfiɗa masa katako mai kauri na santimita 50 kowane gefe, dannawar ta koma kilo 1 da ɗan ɗoriya. Rairayi ba ya nutsewa daidai wa daida. Gefe guda yake fara cinyewa, kirik ya sunkuya, sannan ya tsalle. Bulon siminti da dutsen da aka tsinta bakin hanya ba su maye gurbin katako, domin sukan tarwatse farat ɗaya ba da gargaɗi ba.

Yadda ya kamata a yi

Da farko a ja tirela a hankali zuwa wuri mai tauri, marar gangara, ko da tayar da ta sace za ta ƙara lalacewa. A kafa alamar tsayawa mai kusurwa uku a ƙalla mita 30 daga baya. Fasinja duk su sauka su nisanta, har da na bisa kaya.

Kada a kwance tirela daga motar da ke janta, domin wannan haɗi shi ke hana ta juyawa ko ɗaga hanci. A ja birkin hannu, a kashe inji, a bar mota cikin giya. A sa weji gaba da bayan ƙafafu biyu na gefen da ba za a ɗaga ba. Birki kaɗai bai isa ba, musamman ga ƙananan tireloli da birkinsu kan saki in sun gangara baya.

A sassauta notuna tun taya na ƙasa. Wanda ya bari sai ta rataya sannan ya hau sifana da ƙafa, shi da kansa yake girgiza mota daga kan kirik. A lura kuma wasu manyan motocin ƙirar Japan notunansu na gefen hagu baibai suke kwancewa. Ana gane su da harafin L.

Kan kirik yana zama ne inda maƙera suka tanada, ko ƙarƙashin gatari dab da inda sifirin ya zauna. Tsakiyar gatari na lanƙwashewa, allon ƙasan tirela na hudewa. Ƙafafun tokare da ke kusurwoyin karaban kuwa an yi su ne don hana girgiza, ba su jure ɗagawa.

Taya na barin ƙasa da kamar yatsa biyu, a tsaya. Nan take a cusa karagar ƙarfe ko guntayen katako masu kauri ƙarƙashin gatari ko shasi, a sauke nauyi kansu. Kirik mai aiki da mai robar ciki ce kaɗai ke riƙe da shi. In ta tsufa mai yakan sulale, kirik ya yi ta sauka ba ƙara ba motsi. Kafin a tokare, babu hannu, babu ƙafa, balle kai, da ya kamata ya shiga ƙarƙashi.

Mai ƙaramar tirela yana da wata dabara da gatari biyu ya ba shi: a jera katakai kamar matakala gaban lafiyayyar ƙafar, a ja tirela ta hau, har mai facin ta rataya. Sharaɗi shi ne kaya su zamo marasa nauyi, domin taya guda ce za ta ɗauki rabon biyu.

In an sa sabuwar taya, a ɗaure notuna da hannu, a sauke, sannan a tsananta su a gicciye, wannan da na daura da shi. Bayan tafiyar kilomita 50 a tsaya a sake gwada su.

Nauyin da ke kan mai mota

Direba da yaronsa ke kwanciya cikin ƙura, amma kayan aiki mai mota ke saye. Alhajin da ya zuba miliyoyi a kan mota, da shugaban ma'aikatar da ke sa hannu bisa takardar tafiya, su ya kamata su tambaya kafin a tashi: tan nawa aka rubuta jikin kirik? Ina katako, ina weji, ina karaga? Safeyar na da iska? Kuɗin waɗannan duka bai kai na sabuwar taya guda ba, kuma kafintan kasuwar Tibiri na iya yanka katakon cikin yini ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Haka kuma mai kaya ya daina tsayawa kan direba yana duba agogo don kasuwa za ta watse. Kasuwa mako-mako take ci, wadda ta wuce yau za ta dawo. Ƙashin bayan yaron mota kuwa, in tirela ta danne shi, ba shi da safeya.