Shirun Iyaye Ba Ya Tsare Yarinya

Akwai wata magana da na gaji da jin ta a bakin iyaye, masu boko da marasa boko: wai kada a yi wa yaro zancen balaga da soyayya da ɗaukar ciki, don kada a buɗe masa ido. Da wannan hujjar ake barin yarinya ta kai shekara 14 ko 15, samari sun fara sallama a ƙofar gida, amma ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya yi mata bayanin jikinta ko na abin da za ta tarar a waje. Iyakar abin da take ji shi ne "ki kama kanki". Yadda za ta kama kan, da wanda za ta tambaya idan ta rikice, wannan kuma ita ta sani. Ranar da abu ya ɓaci sai a hau salati da tafa hannu, a ɗora laifin a kan yaran zamani.

Zance dai ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Saurayi ya nemi izini, ya zo zaure ko ƙofar gida, a fahimci juna, magabata su shigo. Soyayya mai tsafta ita ce wadda babu ɓoye-ɓoye a cikinta, babu tilas, kowa yana ganin mutuncin ɗan'uwansa. Wannan kowa ya sani. Abin da ke buƙatar dogon bayani shi ne wancan tunanin na cewa shiru kariya ne.

Da farko, idon da ake tsoron buɗewa ya daɗe da buɗewa. Yaron da ke riƙe da waya, ko yake aron ta yayansa da daddare, ya ga abin da kakansa bai gani ba har ya koma ga Allah. Ga TikTok, ga zaurukan WhatsApp da ake tura littattafan batsa a cikinsu, ga hirar ƙawaye a hanyar makaranta, ga ta majalisa. Don haka ko mun so ko mun ƙi yaro zai ji. Abin da ya rage a hannunmu shi ne daga bakin wa zai fara ji. Idan uwa ta yi shiru, ƙawar da ta girmi 'yarta da shekara ɗaya ce za ta zama malamarta, ko kuma saurayin da yake da tasa manufar.

Na biyu, masu fakewa da addini su dubi abin da ake karantarwa a Islamiyya da makarantun zaure. Ahalari da Ishmawi da Risala cike suke da hukuncin haila da biƙi da janaba da abubuwan da ke wajabta wanka, kuma yara ne ke haddace su. Ummu Sulaim ta je gaban Manzon Allah (SAW) ta yi tambaya a kan mafarkin mace, ya kuma amsa mata. Nana A'isha (RA) ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman sanin addini ba. To, daga ina muka samo kunyar da ta fi tasu? Malam ya karanta wa yarinya babin haila a aji, ta dawo gida ta ga jini a jikinta ta rasa wanda za ta gaya wa, ta ɓuya a banɗaki tana kuka. Wannan sakaci ne, ko da mun sa masa sunan kunya.

Na uku, an bincika maganar. Hukumar UNESCO ta tattara nazarce-nazarce daga ƙasashe daban-daban, ta fitar da jagora a 2009, ta sabunta ta a 2018. Abin da aka gano shi ne, koyar da matasa sanin jikinsu da hulɗar maza da mata daidai da shekarunsu ba ya sa su gaggawar fara jima'i. A wurare da yawa ma jinkirtawa yake sa su yi. Dalilin a fili yake. Yarinyar da ta san ma'anar abin da ake nema a wurinta, da abin da zai biyo baya, ta fi saurin gane mayaudari, ta kuma fi ƙarfin cewa a'a.

Ku dubi abin da jahilci ya haifar. Har gobe akwai 'yan mata da suka yarda cewa ba a ɗaukar ciki a karon farko. Ƙarya ce, ana ɗauka. Wasu sun yarda cewa wadda ba ta fara al'ada ba ba za ta ɗauka ba, alhali ƙwai yana iya fita kafin jinin farko ya bayyana. Wasu an gaya musu wanka ko tsarki da ruwan zafi yana wanke komai, alhali maniyyi yana iya rayuwa a jikin mace har kwana 5. Mafi muni su ne masu ɗirka wa cikinsu ruwan gishiri da kanwa da lemun tsami, ko su haɗiyi kafso barkatai daga kemis. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ke hana ciki, sai dai su illata hanji da ƙoda. Idan kuma cikin ya shiga, tsoron gida ke kai yarinya ɗakin wani ɗan baranda a bayan gari. Daga can wata ta dawo da mahaifa a lalace, wata kuwa gawarta ake dawowa da ita.

Wani zai ce ai shi 'yarsa aure zai yi mata da wuri, ya huta. To, auren ma da ilimi ake shigarsa. Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 19 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 sun haihu ko suna ɗauke da cikin fari. A Legas kashi 1 ne, a Bauchi kashi 41. A Nijar kuwa, alƙaluman UNICEF sun nuna kashi 76 cikin 100 na 'yan mata ana aurar da su kafin su cika 18. Akasarin waɗannan masu cikin a wajenmu amare ne a ɗakin mazajensu, kuma da yawansu an kai su ba su san komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa masu ƙananan shekaru sun fi fuskantar haɗarin jijjiga lokacin ciki da haihuwa. Wanda ya taɓa leƙa asibitin Babbar Ruga a Katsina, ko cibiyar masu yoyon fitsari ta asibitin Murtala a Kano, ya san abin da doguwar naƙuda ke yi wa yarinyar da ƙugunta bai gama ƙosawa ba.

Nan ne maganar tazarar haihuwa ta shigo, ita ma da tata jita-jitar, wai wadda ta yi allura ko ta sha ƙwaya ta yi sallama da haihuwa ke nan. Ba haka ba ne. Ƙwayar da ake sha kullum, da ashanar da ake sakawa a damtse mai aikin shekara 3 ko 5, da robar mahaifa, duk da zarar an daina ko an cire, mace na iya ɗaukar ciki ba da daɗewa ba. Allurar wata uku ce kan jawo jinkiri na wasu watanni, wani lokaci har kusan shekara, amma ba ta kashe mahaifa. Gaskiya ne wasu kan sami rikicewar al'ada ko ciwon kai, kuma maganin wannan shi ne komawa asibiti a canza wata hanyar. Abubuwan da suka fi toshe hanyar haihuwa su ne ciwon sanyi da aka bari ba magani da zubar da ciki a hannun marasa sani, wato dai 'ya'yan wancan shirun namu.

Ta fuskar shari'a, hadisin Jabir da ke cikin Buhari da Muslim ya tabbatar da cewa sahabbai suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, a zamanin Annabi (SAW). A 1988 Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙungiyar OIC ta zauna a Kuwait, ta halatta wa ma'aurata ba da tazara na ɗan lokaci idan akwai buƙata kuma sun yarda su biyun. Alƙur'ani ya ambaci shayarwa ta shekara biyu, likitoci kuma suna ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin. Iyayenmu ma sun san illar kwanika tun kafin zuwan asibiti.

Kada wani ya juya mini magana. Ban ce a raba wa 'yan makaranta ƙwayoyi ba. Kamewa har zuwa aure shi ne umarnin addini, kuma shi kaɗai ne ba ya kuskure wajen kariya daga ciki da cuta. Amma ya kamata yaro ya san gaskiya: ƙwayoyi da allura ba sa kare mutum daga ƙanjamau ko ciwon sanyi, kwaroron roba ne ke rage wannan haɗarin. Ƙwayar gaggawa da ake saya a kemis ta fi aiki ne cikin awa 72 bayan saduwa, ba ta zubar da cikin da ya riga ya zauna, kuma ba a mayar da ita abin sha kullum. Talauci da talla da mutuwar aure duk suna da nasu kason a matsalar da 'yan matanmu ke faɗawa, sai dai baki ba ya buƙatar kuɗi kafin a buɗe shi.

Ke uwa, fara tun yarinya tana shekara 9 ko 10, kafin jini ya zo mata. Ba sai kin shimfiɗa tabarma kin kira taro ba, ana tsintar shinkafa ko ana kitso ma ana magana. Ki gaya mata sauyin da za ta gani, da wuraren da ba wanda ke da ikon taɓawa a jikinta, ko kawu ne ko malami ko maƙwabci. Idan ta kawo miki tambaya, kada ki ce "wa ya koya miki wannan iskancin?" Ranar da kika faɗi haka kin rufe ƙofar da za ki daɗe kina neman mabuɗinta. Idan nauyin bakin ya yi miki yawa, ga gwaggo, ga inna, ga yayarta mai hankali, ga ma'aikaciyar asibiti. Al'adarmu ta kunyar ɗan fari ma ta tanadi waɗanda za su yi magana a madadinki, amma ki tabbata wani ya yi.

Kai kuma maigida, tarbiyya ba ta mata kaɗai ba ce. Duk yarinyar da aka yaudara, ɗan wani ne ya yaudare ta. Ka zaunar da ɗanka ka yi masa bayanin mafarki da wanka, ka gaya masa cewa 'yar mutane amana ce, kuma idan mace ta ce a'a to maganar ta ƙare. Ka san wanda ke zuwa wurin 'yarka, sunansa da gidansu da sana'arsa. Zance a ƙofar gida da haske ya fi na lungu da cikin mota mai baƙin gilashi, kuma korar kowane saurayi da sanda ita ke mayar da zancen cikin waya da tsakar dare.

Ke 'yata, ga alamomin da za ki riƙe. Wanda ke son ki da gaske ba ya tsoron iyayenki su san shi. Ba ya ce miki "in kina so na ki nuna mini". Ba ya binciken wayarki, ba ya raba ki da ƙawayenki ko karatunki, ba ya zaginki sannan ya ce kishi ne. Wanda ya mare ki a waje ba zai daina ba don an shafa fatiha. Ki yi hattara da kyautar da ake yi miki gori a kanta. Kada ki tura hoton tsiraicinki ga kowa, komai rantsuwarsa, domin abin da ya shiga waya ya fita daga hannunki. Idan kuma har ya faru ana yi miki barazana da shi, kada ki biya kuɗi, kada ki ƙara tura wani, ki gaya wa babba, domin dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta hana irin wannan barazanar.

Kai ɗana, yawan 'yan mata ba shi ne mazantaka ba. Ka faɗi gaskiyar halinka da ƙarfinka, kada ka ari mota da riga ka je ka gina aure a kan ƙarya. Idan magana ta yi nisa, ku tattauna abin da ake kauce wa: karatunta bayan aure, sana'a, inda za a zauna, tazarar haihuwa. Ku yi gwajin jini tun kafin zuciya ta yi zurfi, musamman na sikila, domin AS da AS suna da haɗarin ɗaya cikin huɗu na haifar mai cutar a kowane ciki. Jihar Kano ma ta mayar da gwaji kafin aure doka a 2024.

Idan kuma ƙaddara ta faɗa wa yarinya aka yi mata fyaɗe, don Allah a bar rufa-rufa. A kai ta asibiti cikin awa 72, domin a wannan lokacin ne maganin kariya daga ƙanjamau da na hana ɗaukar ciki suka fi aiki. Ita aka zalunta, ba ita ce abin duka ba.

Ina kira ga malamai su kawo wannan batu cikin huɗuba da wa'azin mata, malaman makaranta su daina tsallake babin haihuwa a darasin kimiyya, ma'aikatan lafiya kuma su daina korar matasa da harara idan sun zo tambaya. Iyaye kuwa, amanar a wuyanmu take, mu za a tambaya gobe ƙiyama. Ku yi wa 'ya'yanku magana yau, tun kafin wani ya riga ku. Allah Ya shirya mana zuri'a.