Mari Ba Ya Warkar da Mashayi

Ya ku malamai masu karantarwa a zaure, da ku fatake masu cin kasuwannin Rara da Rabah da Wurno da Goronyo. Yau muna so mu yi magana kan wata cuta wadda ta shiga gidaje da yawa amma ake jin kunyar ambatonta, watau shaye-shaye, da kuma wata sana'a da ake koya musamman domin jinyar wanda cutar ta kama.

Kowa ya san yadda abin yake farawa a wajenmu. Saurayi ne mai ƙarfi yana ƙwadago a fadama, ko dashen albasa da tafarnuwa, ko yankan shinkafa, ko dakon buhuna ranar kasuwa. Sai abokinsa ya miƙa masa ƙwayar tiramol, ya ce da ita za ya yi aikin mutum biyu bai gaji ba. Ran farko abin ya yi kamar gaskiya. Bayan 'yan watanni ƙwaya ɗaya ba ta isarsa, sai biyu, sai huɗu, domin jiki ya saba. Ran da bai samu ba kuwa, sai gaɓoɓi su yi ta ciwo, zufa ta karyo, ciki ya ruɗe, barci ya ƙaurace masa. Daga nan ya daina sha don ya yi aiki, ya koma yin aiki don ya sha. In lada ba ta kai ba, hannunsa ya shiga rumbun ubansa ko aljihun maigidansa. Wani kuma in ya zarce ƙima sai ya faɗi yana jijjiga, mutane su ce aljannu ne.

Kada wani ya zaci wannan masifar birni ce kaɗai. A farkon shekara ta 2019 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka fito da sakamakon wani bincike. Sun sami mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, waɗanda suka taɓa kayan maye cikin shekara guda, ban da giya da taba. Tabar wiwi ce kan gaba, sa'an nan ƙwayoyi irin su tiramol, sa'an nan maganin tari mai kodin. A Arewa maso Yamma kaɗai an ƙiyasta kimanin mutum miliyan 3, kuma cikin kowane mashaya huɗu a ƙasar, ɗaya mace ce. Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi tun watan Mayu na 2018, hukumar NDLEA kuwa, wadda aka kafa a 1989, tana kamun masu fatauci. To amma kama mai sayarwa dabam, warkar da wanda ya riga ya kamu dabam.

Da can, in yaro ya gagari iyaye, sai a kai shi gidan mari, a sa masa sarƙa, a yi ta horo. Iyaye ba da mugun nufi suke yi ba, rasa wurin zuwa ne. Amma mun ga ƙarshen wannan hanya. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da kimanin mutum 300, manya da yara, waɗansu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. Wata mai zuwa aka sami irin wannan a Daura. Abin ya jawo wa makarantun allo zargi, har da waɗanda ba ruwansu. Mari yana tsare ƙafa, amma ba ya taɓa dalilin da ya sa yaro ya fara sha. Ran da aka kwance shi ya koma unguwa, abokan nan suna nan, mai sayarwa yana nan, zaman banza yana nan.

Malamai sun fi mu sanin cewa kiyaye hankali yana cikin abubuwa biyar da Shari'a ta zo domin tsarewa, tare da addini da rai da nasaba da dukiya. Sun kuma san giya ba a rana ɗaya aka haramta ta ba. An bi da mutane daki-daki, daga ayar Baƙara zuwa ta Nisa'i zuwa ta Ma'ida. Buhari ya ruwaito labarin wani sahabi da aka sha kawowa saboda giya, da wani ya tsine masa sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, ya shaida cewa mutumin nan yana son Allah da ManzonSa. Ashe hukunci bai hana tausayi ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa, wanda ya yi ribaɗi a Wurno, aka binne shi can a 1837, duk da nauyin sarauta da yaƙi sai da ya wallafa littattafai kan ilmin magani. Neman sanin jinya gado ne a wannan ƙasa.

To, sana'ar da muke nufi ita ce wadda ake kira aikin jin daɗin jama'a. Mai yinta ba likita ba ne, ba ya rubuta magani, ba ya allura. Likita shi ke lura da jiki kwanakin farko, sa'ad da mashayi ya daina sha yana shan wuya, kamar yadda ake yi a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, kusa da Sakkwato, da takwaransa na Barnawa a Kaduna. Wannan mataki bai cika daɗewa ba. Doguwar tafiya tana bayansa, kuma a nan ne ma'aikacin jin daɗin jama'a yake shigowa. Shi ne zai zauna da mai jinya ya saurare shi ba tsawa ba gori, har ya gano mafarin abin: wahalar aiki ce, ko mutuwar aure, ko bashi, ko firgicin harin 'yan bindiga irin wanda ya raba mutane da ƙauyukansu a gabashin jiharmu. Shi ne zai je gida ya sasanta shi da iyaye, ya koya musu alamun komawa ruwa, ya nemi maigidan da zai sake karɓarsa aiki, ya riƙa leƙa shi wata da watanni. In ya sake faɗawa, ba a yanke ƙauna, sai a sake tada shi, gama komawa tana cikin halin wannan cuta.

Wannan dabara ta haɗa asibiti da gida ba baƙuwa ba ce a Nijeriya. A 1954 Likita Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle masu taɓin hankali, sai ya sauke su a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa tare da ɗan'uwansa mai jinya, suna zuwa karɓar magani da rana suna kwana cikin mutane. Tsarin ya yi suna a duniya, har Lambo ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

Yaya ake shiga sana'ar? Yaro ko yarinya su gama sakandare da sakamako mai kyau a darussa biyar, har da Turanci da lissafi, su ci jarrabawar JAMB. Daga nan akwai difiloma ta shekara biyu a kwalejin kimiyya da fasaha, kamar sashen raya jama'a na Kaduna, ko digiri na shekara huɗu a jami'a, kamar ta Nsukka wadda ta daɗe da wannan fanni. Ana karanta halayyar ɗan Adam, da ilmin zamantakewa, da dokokin ƙasa, da yadda kayan maye ke aiki a ƙwaƙwalwa, da ladubban tattaunawa, da riƙon sirri. Ana kuma tura ɗalibi asibiti ko gidan gyaran hali ya yi koyi ƙarƙashin gwani, kamar yadda ɗan kasuwa ke fara zama a rumfar maigida. A 2022 aka kafa dokar majalisar da za ta lura da masu wannan aiki, a watan Janairu na 2023 kuma aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwa ta 1958.

Wuraren aiki su ne asibitoci, da sashen ba da shawara na NDLEA, da gidajen gyaran hali, da ma'aikatun jiha, da ƙungiyoyin agaji. Ba za mu ruɗe ku ba: albashinsa ba ya sa mutum ya yi arziki, guraben aiki ba su da yawa, kuma akwai ranar da wanda ka yi wa wahalar wata shida zai koma gidan jiya. Mai gajen haƙuri ya nemi wata sana'a. Amma wanda ya taso a gaban malam, ya iya Hausa da Fulatanci, ya san yadda ake shiga zauren dattijo, yana da jarin da baƙo ba shi da shi. 'Ya'ya mata ma ana bukatarsu ƙwarai, domin matar aure da ta kamu ba za ta buɗe cikinta ga namiji ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Saboda haka ga roƙonmu. Malamai su duba cikin almajiransu da suka haɗa allo da boko, su zaɓi mai natsuwa da riƙon amana, su ƙarfafa shi ga wannan karatu, su bayyana wa jama'a cewa farali ne na kifaya, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Fatake kuwa, in 'yan kasuwar gari guda suka haɗa hannu, ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya ba zai gagare su ba. Wanda Allah ya warkar, a ba shi dako ko tsaron rumfa a jarraba shi, kada a bar shi zaune. Mai kanti kuma ya ji tsoron Allah kan abin da yake sayarwa a ɓoye, domin ɗan wani da ya saya yau, gobe shi ne abokin ɗansa.

Allah Ya tsare mana hankulanmu, Ya shirya zuriyarmu, Ya ba marasa lafiya sauƙi. Haza wassalam.