Kafin Yaro Ya Kai Gadon Asibiti: Aikin Ƙaramar Hukuma da Namu a Gangara

Duk wanda ya saba bin hanyar Katsina zuwa Jibiya a tsakiyar damina ya san abin da ido yake gani. Gero ya yi kore shar a gonaki, amma rumbunan gida sun kusa ƙarewa. Daga watan Yuli zuwa Satumba tsohon hatsi ya tafi, sabo bai nuna ba, sauro kuwa ya cika gari. A wannan lokaci ne akan ga mata a bayan babur, goye da yaran da wuyansu ba ya iya ɗaukar kansu, suna neman inda za a taimake su. Da yawa sukan iso a kan kari. Waɗansu kuwa sukan iso bayan lokaci ya ƙure.

A watan Yuli na 2025, ƙungiyar likitocin nan ta Na Gari Na Kowa, wato MSF, wadda take kula da yara masu tamowa a Jihar Katsina tun 2021, ta sanar cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar cikin wata shida na farkon shekarar. Babban dalilin da ta bayar shi ne rashin samun kulawa da wuri. 'Yan'uwa, wannan magana ce ta sa muka juya hankalinmu ga Gangara, ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Jibiya, domin mu tambayi kanmu: wane ne ya kamata ya ga yaron nan tun yana gida, tun cutar ba ta ci ƙarfinsa ba?

Zaman bakin iyaka

Mutanen wannan yanki da na ƙasar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar dangi ne. Harshe ɗaya, kasuwa ɗaya, auratayya kuma tun kaka da kakanni. Abincin gidaje da yawa ya rataya ne a kan zirga-zirgar iyaka, daga mai dako har mai sayar da abinci a tasha. Saboda haka duk abin da ya taɓa iyaka, sai ya taɓa tukunya.

To, dubi abin da ya auku cikin 'yan shekaru kaɗan. A watan Yuli na 2018 ambaliya ta ci garin Jibiya, ta hallaka fiye da mutum 40. A watan Agusta na 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilu na 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yuli, 2023, aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024. A tsakanin nan kuma 'yan bindiga sun hana manoma da yawa zuwa gonakinsu, sun kori ƙauyuka, kamar yadda mutanen Shimfiɗa suka kwararo cikin garin Jibiya a watan Maris na 2022. Babba yana iya ɗaure ciki ya jure shekara guda ta wahala. Jariri ba ya iyawa. Masana lafiya sun tabbatar cewa kwanaki 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, su ne ake gina jiki da ƙwaƙwalwa, abin da aka rasa a lokacin kuwa da wuya a maido shi duka.

Abin da doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma

An yi wa ƙananan hukumomi garambawul a 1976 domin a kawo mulki kusa da talaka. Yau muna da 774 a ƙasar nan, 34 daga cikinsu a Jihar Katsina. Tsarin mulki na 1999 ya lissafa ayyukansu, a ciki har da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da sa hannu cikin ilmin firamare da kiwon lafiya. A aikace, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce take ba da takardar haihuwa, hukumar lafiya ta matakin farko ta jiha kuma ita take riƙe da ragamar ƙananan asibitoci. Duk da haka, ciyaman da kansila su ne hukumar da ta fi kusa da ƙofar gidan mai jego. Su ne suka san dagaci da mai unguwa, su ne kuma za a iya tarewa a bakin hanya a yi musu magana.

Shekara da shekaru ƙananan hukumomi suna kukan cewa kuɗinsu yana maƙalewa a asusun haɗin gwiwa da jihohi. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyansu kasonsu kai tsaye. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, amma ya ba talaka bakin tambaya. Bugu da ƙari, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin lafiya ta matakin farko, da nufin kowace mazaɓa ta sami asibiti guda mai aiki. Gangara mazaɓa ce, saboda haka tana da haƙƙi a cikin wannan alkawari.

An taɓa yi, ana kuma iya sakewa

Dattawanmu ba su manta da zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ba, likitan yara wanda ya riƙe Ma'aikatar Lafiya daga 1985 zuwa 1992. A 1986 ya zaɓi ƙananan hukumomi 52 ya mai da su abin koyi, aka horar da ma'aikatan lafiya na ƙauye da ungozomai, aka koya wa uwaye haɗa ruwan gishiri da sukari domin gudawa. Zuwa 1990 allurar rigakafi ta kai ga yawancin yaran ƙasar nan. Da aka yi sakaci da aikin, sai ya koma baya. Tun kafin wannan ma, a shekarun 1970, 'yan'uwanmu na Garkiɗa sun kafa shirin nan mai suna Lafiya, inda ƙauye yakan zaɓi mutanensa a horar da su, su dawo suna koyar da tsabta da ciyar da yara ta hanyar ba da labari.

Akwai kuma darasi daga ƙetaren iyaka. A yunwar 2005, a ƙasar Maraɗi ne aka nuna wa duniya cewa ana iya warkar da dubban yara masu tamowa a gidajensu, da abincin magani na gyaɗa da madara wanda ake kira Plumpy'Nut, muddin an gano su da wuri. Sai wanda ya galabaita kaɗai ake kwantarwa. Bayan 'yan shekaru, a Mirya ta ƙasar Damagaram, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka koya wa uwaye, har da waɗanda ba su taɓa shiga aji ba, yadda za su auna damtsen 'ya'yansu da ɗan ma'auni mai launi uku. Kore lafiya lau, rawaya a yi hattara, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11.5 ga yaro mai wata 6 zuwa shekara 5, a garzaya asibiti. Aka tarar uwaye suna iya aikin nan sarai. Shekaru da yawa matan Jibiya sun yi ta ƙetarawa da 'ya'yansu zuwa Ɗan Isa da Madarumfa domin neman irin wannan kulawa. Ran da aka rufe iyaka, hanyar ta yi musu wuya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa dole taimakon ya kasance a gida.

Abubuwa huɗu da muke roƙo

Ba manyan gine-gine muke roƙo ba. Roƙonmu ga kowace ƙaramar hukuma ta bakin iyaka guda huɗu ne.

Na ɗaya, littafi. Kowane mai unguwa ya riƙe littafin da ake rubuta kowace mai ciki da kowane jaririn da aka haifa, har da na baƙin da suka yi gudun hijira suka sauka a gidajen dangi. Yaron da ba a rubuta ba, babu mai cigiyarsa in bai zo rigakafi ba. Littafin nan shi zai nuna wadda ba ta zo awon ciki ba, da yaron da ya cika wata 9 ba a yi masa allurar ƙyanda ba.

Na biyu, ma'auni a hannun uwa. Ɗan ma'aunin damtse ba shi da tsada, koyon amfani da shi kuma ba ya cin yini guda. A haɗa da koya wa uwa ta danna bayan ƙafar yaro da yatsa. In wurin ya lotsa bai taso ba, kumburin tamowa ne, kada a jira gobe.

Na uku, ma'aikaci mai zama. Asibitin da yake kulle ran da ake bukatarsa, sunan asibiti kawai gare shi. Ƙaramar hukuma tana iya ɗaukar nauyin 'ya'yan mazaɓar, musamman mata, su yi karatun aikin lafiya bisa sharaɗin su dawo gida su yi aiki. Tana iya gyara musu wurin kwana, ta sa ruwa da wutar sola domin firjin allurai.

Na huɗu, haɗa ayyuka a tafiya ɗaya. Tun 2013 aka fara raba wa yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Jihar Katsina, gida gida, wata wata, a lokacin damina. Tun da mai rabon ya riga ya shiga gidan, me zai hana ya auna damtsen yaro, ya duba katin rigakafi, ya kuma rubuta jaririn da ba shi da takardar haihuwa? Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ma ta haɗa da renon ƙananan yara kafin firamare, saboda haka littafin nan guda zai gaya wa hukumar ilmi yawan yaran da suke tafe.

Namu rabon aikin

Wani zai ce masu bi kaɗan ne a ƙasar Jibiya, ina muryarmu za ta kai? Mu tuna da sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni. Ikkilisiya ta fari tana da abincin rabawa, amma waɗansu gwauraye suna rasa nasu rabon kullum. Manzanni ba su yi fushi da masu gunaguni ba. Sun sa aka zaɓi mutum bakwai amintattu aka danƙa musu aikin, domin kada a tsallake kowa. Irin wannan tsari ne muke nema a mazaɓunmu.

Akwai kwamitin raya mazaɓa wanda aka tsara domin jama'a su sa ido a kan asibitinsu. Bari kowace ikkilisiya ta nemi sanin ranar zamansa, ta aika da dattijo guda da mace guda daga Zumuntar Mata. Su tafi tare da maƙwabtanmu Musulmi, da liman da mai unguwa, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma kansila ya fi jin maganar da ta fito daga bakin unguwa duka. Su yi tambaya cikin ladabi: nawa aka ware wa yara a kasafin bana, yara nawa aka auna a watan jiya, ranar wace ma'aikaciya take zuwa?

Iyayenmu mata na Zumunta, ku ne kuka fi kowa shiga gidajen suna da na barka. Ku koyi awon damtse, ku koya wa wasu. Ku ƙarfafa masu jego su ba da nono zalla har wata 6, bayan haka a ƙara da kunun gero mai haɗe da gyaɗa da waken suya da garin zogale. Maza kuma, kada mu sa matanmu jiran izini ko kuɗin babur har yaro ya galabaita. Ikkilisiyoyin birni, na Katsina da Funtuwa da Malumfashi, suna iya ware baiko na Lahadi guda domin sayen ma'aunai da biyan kuɗin mota ga uwar da aka tura babban asibiti, ko wace ce ita.

Damina mai zuwa ba za ta jira mu ba. Tun da rani ya kamata a buɗe littafin, a raba ma'aunan, a zauna da kansila. Ubangiji ya ba shugabanninmu zuciyar tausayi da riƙon amana, ya ba ƙasar Jibiya salama, ya kuma raya mana 'ya'yanmu. Amin.